Yadda Ake Neman Kwalin Haɗa Samfurin Jirgin Ruwan Yaƙin da Ba a Cika Sani Ba

Idan abin da kake so ka haɗa Yamato ne, ko Bismarck, ko Missouri, ba ka buƙatar jagora. Kamfanoni da yawa sun fitar da su a ma'auni iri-iri, kuma kusan duk shagon da ke sayar da kwalayen haɗa samfuri a intanet yana da su. Wahala tana farawa ne ranar da zuciyarka ta kwanta da wani jirgin da littattafan tarihi suka ambata a layi biyu suka wuce: HMS Nigeria da ya raka ayarin jiragen kaya zuwa Malta a 1942, ko Königsberg na Jamus da ya ɓuya a bakin kogin Rufiji a Tanzaniya ta yau, ko NNS Aradu na sojan ruwan Najeriya. Sai ka rubuta sunan a wurin bincike, na'ura ta yi ta jero maka jiragen da ba su ka tambaya ba.

Akwai dalili. Kwalin roba da mazubin ƙarfe ake yin sa, shi kuwa mazubin yana cin kuɗi masu yawa, sai an sayar da dubban kwalaye kafin kamfani ya mayar da jarinsa. Shi ya sa manyan kamfanoni suke ta zagaye a kan jiragen da kowa ya sani. Sauran jiragen ba wai babu su ba ne. Suna hannun ƙananan masu sana'a a Foland, da Rasha, da Jamus, da Japan, da Ingila, wasu an yi su da rezin (wani ruwan sinadari da ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi tauri), wasu da takarda, wasu kuma suna cikin kwali mai ɗauke da sunan wani jirgi dabam. Ga yadda ake bin sawunsu.

Mataki na farko: ka san jirgin kafin ka nemi kwalinsa

Kafin ka leƙa kowane shago, ɗauki takarda ka rubuta abu shida: duk sunayen da jirgin ya taɓa ɗauka, ajinsa, sunayen 'yan'uwansa da aka ƙera da zane ɗaya, ma'aikatar da ta ƙera shi, tsawonsa da mita, da shekarar da kake son nuna shi a cikinta. A ganina wannan takarda ita ce rabin aikin, kuma tsallake ta ne yake sa mutane da yawa su yanke ƙauna da wuri. Lamarin kamar neman kayan gyaran tsohuwar mota ne: ƙirar motar da shekararta mai shago yake son ji, ba lambar da ke jikinta ba.

Sojan ruwa ba su cika ƙera jirgi ɗaya tilo ba. Zane ɗaya ake yi a ƙera huɗu, ko takwas, ko hamsin, a kira su aji ɗaya. Kamfanin samfuri kuwa wanda ya fi suna a cikinsu yake zaɓa ya buga sunansa a kan kwali. Ɗauki HMS Nigeria. Kuruza ne, wato jirgin yaƙi matsakaici mai sauri, na ajin Fiji, wanda wasu ke kira Crown Colony. Kamfanin Vickers Armstrongs ya ƙera shi a bakin kogin Tyne, aka saka shi a ruwa a 1939, ya fara aiki a 1940. Tsawonsa mita 169, yana da manyan igwogi 12 masu bakin inci 6, uku-uku a gidaje huɗu. 'Yan'uwansa su ne Fiji, Mauritius, Kenya, Trinidad, Jamaica, Gambia da Bermuda. Ka ga yanzu sunaye takwas gare ka na bincike maimakon ɗaya, ga kuma sunan ajin har iri biyu. Amma ka lura da Ceylon, da Uganda, da Newfoundland: dangi ɗaya ne da su, sai dai da gidajen igwa uku aka ƙera su tun farko, don haka kwalinsu ba zai ba ka Nigeria na 1942 ba sai ka nemo gida na huɗu.

Shekara ma tana da nauyi. A farkon yaƙi jiragen wannan aji suna ɗauke da ƙaramin jirgin sama mai sauka a ruwa, wato Walrus, daga baya aka cire shi, aka yi ta ƙara rada da ƙananan bindigogin kakkaɓo jiragen sama. Ranar 12 ga Agusta 1942 jirgin ƙarƙashin teku na Italiya mai suna Axum ya harbi Nigeria da tofido, aka kai shi Charleston a Amurka gyara, ya fito da kamanni dabam. Daga baya aka sayar wa Indiya, ya koma INS Mysore a 1957, da gidajen igwa uku. Jirgi ɗaya ne, amma fuska uku. Sai ka zaɓi wadda kake so tun kafin ka kashe kwabo.

Sauya suna kuwa ruwan dare ne. HMS Agincourt, mai gidajen igwa bakwai, da sunan Rio de Janeiro aka fara ƙera shi domin Barazil, aka sayar wa Daular Usmaniyya ya zama Sultan Osman na Ɗaya, Ingila ta ƙwace shi a 1914. Severn da Mersey na Ingila, waɗanda suka gama da Königsberg a Rufiji cikin Yulin 1915, su ma Barazil aka ƙera wa, da sunayen Solimões da Madeira. General Belgrano na Ajantina da aka nutsar a 1982 shi ne tsohon USS Phoenix na ajin Brooklyn. NNS Thunder da NNS Okpabana tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka ne, Chase da Gallatin, na ajin Hamilton, kuma da wannan sunan za ka neme su.

Akwai kuma akasin haka, wato suna ɗaya jirage da yawa, kuma nan ne kuɗi ke salwanta. Jamus ta yi kuruza uku masu suna Königsberg: na 1905, na 1915, da na 1927. Na Rufiji shi ne na farko. Kwalin kamfanin Flyhawk na Sin mai ɗauke da wannan suna da shekarar 1940 na ukun ne, ba abin da ya haɗa kamanninsu. Sunan Nigeria ma haka: ban da kuruzan Ingila, akwai mai share nakiya na ajin Algerine, tsohon HMS Hare, da aka ba Najeriya a 1959, sannan akwai firiget, wato jirgin yaƙi na rakiya, da aka ƙera a Holan a 1965, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Obuma. Kullum ka haɗa suna da shekara, in akwai lambar da ke gefen jirgi ka ƙara, kamar F89 ta Aradu.

Abu na ƙarshe a kan takardar: yadda ake rubuta sunan. Jirgin Sin da wani kamfani ya rubuta Ting Yuen, wani Dingyuan yake rubutawa. Sunayen jiragen Rasha sukan zo da rubutu uku ko huɗu. Ka kwafi kowanne, har da rubutun asali na Rashanci ko Japananci, domin za ka buƙace shi a kasuwar gwanjo.

Mataki na biyu: ma'auni

Lissafin mai sauƙi ne. Ma'aunin 1/700 yana nufin an rage girman jirgi sau 700. Ka ɗauki tsawon jirgi da mita ka ninka da 100, ka raba da lambar ma'aunin, abin da ya fito santimita ne. HMS Nigeria a 1/700 zai kai santimita 24, a 1/350 kuwa 48. Aradu mai kimanin mita 125 zai zo 18 da 36.

Ma'aunin 1/700 shi ya fi kowanne yawan jirage. Ya kafu ne tun 1971, lokacin da kamfanoni huɗu na Shizuoka a Japan, wato Tamiya, Aoshima, Hasegawa da Fujimi, suka raba jiragen yaƙin ƙasarsu a tsakaninsu suka fara fitar da su a jeri ɗaya. Akasarinsu a yanke suke daidai inda ruwa yake tsayawa a jikin jirgi, ba su da ƙasa, don a ɗora su a kan allo kamar suna cikin teku. Wanda yake son cikakken jiki da farfela sai ya duba kwali da kyau kafin ya saya. Sai 1/350, wanda ya fi daɗin aiki ga ido da yatsu amma ya fi tsada, da cin wuri, da kuɗin dako. Akwai tsofaffin ma'aunai da har yanzu suke da amfani: 1/600 na Airfix, 1/400 na Heller, 1/720 na Italeri da Revell. Ƙananan jirage kamar kwale-kwalen tofido sukan zo a 1/72 ko 1/144.

Shawarata ita ce ka zaɓi ma'aunin da ka fi so, amma kada ka ɗaure kanka da shi. Mai neman jirgin da ba a cika sani ba, idan ya ce sai 1/350 ko a fasa, yakan daɗe yana jira.

Mataki na uku: ka gano ko an taɓa yin sa

Tambaya biyu ce, kada ka haɗa su: an taɓa fitar da kwalin wannan jirgi, sannan a ina yake yanzu. Ta farko rumbun bayanai na Scalemates ne yake amsa ta, kuma kyauta ne. Ka saka sunayen da ke takardarka ɗaya bayan ɗaya, ka tace sakamakon da ma'auni, sannan ka bambance cikakken kwali da kayan ƙari, domin sau da yawa abin da ya fito fallen tagulla ne kawai na dogarai da tsani, ba jirgin ba. Ka rubuta sunan kamfani da lambar kwali, domin da lambar ake bincike mai kyau daga baya.

Abin da na fi so a wurin shi ne tarihin mazubi. Ana nuna maka shekarar da aka fara zuba kwalin da duk kamfanonin da suka sake sayar da shi da sunansu. Ƙaramin jirgin rakiya na ajin Flower a 1/72 Matchbox ne ya fara fitar da shi, daga baya ya koma hannun Revell, roba ɗaya ce a kwali biyu. Kamfanin Frog na Ingila da ya rufe a 1976 mazubansa Tarayyar Sobiyet suka tafi, aka ci gaba da sayar da kayan da sunan Novo. Wanda ya san haka ba zai biya kuɗin masu tara tsofaffin kwalaye ba alhali ga robar nan a sabon kwali da araha. Yawancin kwalaye kuma an saka takardar umarnin haɗinsu, ka buɗe ka ga adadin sassa da shekarar da samfurin yake wakilta tun ba ka saya ba.

Mataki na huɗu: ka bi kayan daki-daki

Ka fara da roba, domin ita ta fi sauƙin haɗi da araha. Dabarar a nan ita ce kowane kamfani yana karkata ga tarihin ƙasarsa, don haka ka tambayi kanka: wace ƙasa ta ƙera jirgin, wace ta yi aiki da shi, wace ta yaƙe shi? Mirage Hobby da IBG na Foland sun fitar da distiroyoyin (ƙananan jiragen yaƙi masu sauri) da 'yan Foland suka yi yaƙi da su, ta haka ajin Hunt na Ingila ya samu kwalin roba a 1/700. Zvezda ta Rasha tana da jiragen yaƙin Tsushima na 1905 kamar Knyaz Suvorov da Borodino. Bronco yana da jiragen Sin na yaƙin kogin Yalu na 1894. Heller ya rufe jiragen Faransa da yawa. Pit-Road na Japan ya bi ƙananan jiragen rakiya da manyan kamfanoni suka tsallake. A 'yan shekarun nan kamfanonin Sin sun buɗe ƙofa sosai: Hobby Boss ya fitar da Danton na Faransa, Trumpeter ya fitar da Viribus Unitis na Ostiriya-Hangari, Flyhawk ya fitar da Agincourt ɗin nan. Sababbin kaya akan sanar da su a bajekolin kayan wasa na Nuremberg a farkon shekara, da na Shizuoka a watan Mayu, da taron Telford na Ingila a Nuwamba. Yana da kyau ka duba sanarwar waɗannan kafin ka zuba kuɗi a tsohon kwali mai tsada.

Idan roba ta gaza, sai rezin, kuma a nan ne yawancin jiragen da muke magana a kai suke zaune. Mazubin rezin na roba mai laushi ne, ba shi da tsada, mutum ɗaya a ɗakin aikinsa zai iya fitar da jirgin da mutum ɗari biyu kawai ke so a duniya. Combrig na Rasha ya yi fice a jiragen ƙarshen ƙarni na 19 da na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai Niko Model da AJM a Foland, L'Arsenal a Faransa, NNT a Jamus, Atlantic Models da Starling Models a Ingila, Iron Shipwrights a Amurka. Sai dai mazubin mai laushi yakan gaji da wuri, ana zuba kaɗan ne a tsaya, kuma sana'ar sau da yawa a wuyan mutum ɗaya take. White Ensign Models, da masu son jiragen Ingila suka daɗe suna dogara da shi, ya rufe a 2014. Saboda haka a rezin, idan ka ga abin da kake nema kuma kuɗin ya kama, ka saya, kada ka ce sai wata mai zuwa. Game da Combrig kuma, tun 2022 da kamfanonin katin banki suka janye daga Rasha, ta shagunan wasu ƙasashe ya fi sauƙin samuwa.

Ya kamata ka san abin da za ka tarar idan ka buɗe kwalin rezin. Gangar jikin jirgin dunƙule ɗaya ce mai nauyi, ruwan toka ko ruwan madara, an zubo ta da benenta da tagoginta. Ƙananan sassa suna manne a kan siririn falle, igwogi da kwale-kwalen ceto a jere, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sai ka bi su da reza a hankali. Takardar umarni sau da yawa zane ne guda a shafi ɗaya. Sandunan jirgi babu su, tsawonsu kawai aka rubuta, kai za ka yanka daga siririyar wayar tagulla. Gam ɗin roba ba ya kama rezin, sai sufa gulu. A wanke sassan da ruwan sabulu kafin fenti, kuma a goge su da jiƙaƙƙiyar samfefa, domin ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu. Wanda bai taɓa haɗa jirgi ba ya fara da ƙaramin distiroya na roba tukuna.

Sai takarda, wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta, musamman ga wanda yake zaune nesa da shagunan Turai da Japan. A Foland da Jamus samfurin takarda babbar sana'a ce. Mały Modelarz tun 1957 yake fitowa, ga JSC, da GPM, da Modelik, ga HMV na Hamburg mai ma'aunin 1/250. Da yake buga takarda ba ya buƙatar mazubi, suna da jiragen da roba ba ta taɓa kusanta ba. Littafi ne siriri, kuɗin aiko shi kaɗan ne, ba ya karyewa a hanya. Ana kuma iya sauya ma'auninsa da injin hoto: ka raba ma'aunin asali da wanda kake so. Daga 1/200 zuwa 1/350 sai a rage zuwa kashi 57 cikin 100, daga 1/400 zuwa 1/350 a ƙara zuwa 114. Ko ba za ka haɗa na takardar ba, sassansa ma'auni ne da za ka ɗora a kan fallen roba ka yanka. Ka sayi na halas daga mai shi. Kwafin sata da ke yawo a intanet yana kashe wa ƙananan masu zane kasuwa, su ne kuwa suke yi mana jiragen da babu mai yi.

Akwai kuma ƙananan samfuran ƙarfe na 1/1250, al'adar Jamusawa, daga kamfanoni kamar Navis, Neptun da Albatros. A haɗe suke zuwa da fentinsu, Aradu a wannan ma'auni santimita 10 ne kacal. Ba aikin hannu a ciki, amma wajen yawan jirage da wuya a samu na biyunsu.

Na ƙarshe bugun 3D, wato na'urar da ke gina abu hawa-hawa daga zanen kwamfuta. Masu zane suna sayar da fayil a wurare irin Cults3D, wasu kuma suna bugawa su aiko. Ka nemi bugun na'urar rezin mai haske, ba mai narka zaren roba ba, domin a 1/700 layukan zaren sukan cinye duk kyan aikin. Shapeways, inda masu zane da yawa suke da shaguna, ya durƙushe a Yulin 2024, don haka tsofaffin adireshi da yawa sun mutu, sai ka nemi mai zanen da sunansa. Model Monkey, Micro Master da Black Cat Models sun ƙware a sassa: gidajen igwa, bututun hayaƙi, rada, ƙananan bindigogi. Za ka ga amfaninsu a mataki na shida.

Mataki na biyar: kwalin da aka daina yi

Idan Scalemates ya nuna an taɓa yin sa amma manyan shaguna irin Hannants, HobbyLink Japan, Hobby Search da Super-Hobby duk sun ce ya ƙare, sai kasuwar hannu na biyu. A eBay ka ajiye bincikenka da sunan kamfani da lambar kwali, a riƙa sanar da kai idan wani ya saka. Ka duba jerin waɗanda aka riga aka sayar, nan ne farashin gaskiya yake, ba a bakin mai tallar da ya shekara yana jiran wanda zai yi kuskure ba. Kingkit a Ingila tsofaffin kwalaye ne sana'arsa. A Japan akwai Suruga-ya da Mandarake, ga gwanjon Yahoo, wanda sai ta hannun dillalai irin Buyee ko ZenMarket ake saye daga waje, su karɓi la'ada su aiko. A can ne rubutun Japanancin da ka kwafa zai yi maka rana.

Kafin ka biya, nemi hoton cikin kwali, ba murfinsa kawai ba. Ledojin a rufe suke? An taɓa fara haɗawa? Fallen tagulla da takardar umarni suna nan? Tsofaffin tambarin da ake jiƙawa a manna sukan yi rawaya ko su farfashe, wannan ba abin fasa ciniki ba ne amma abin rage kuɗi ne. Rezin mai arahar da ta wuce hankali kuwa, ba tare da kwalin kamfani ba, yawanci na jabu ne da aka kwafa daga na asali: yakan ɗan ƙanƙance, gefunansa su dakushe, ya cika da ƙananan ramukan iska.

Mataki na shida: idan babu shi sam

Sai a juya ɗan'uwa ko maƙwabci. Ga Königsberg na Rufiji, wanda yake son roba a 1/350 zai iya farawa da Emden na Revell, domin ajin Dresden shi ya biyo bayan nasa kuma sun yi kama: bututun hayaƙi uku, igwogi goma masu bakin santimita 10.5. Amma Königsberg mita 115 ne, Emden 118, wato bambancin kusan milimita 9 a samfuri, ga bambanci a siffar goshi. Ga Aradu, wanda Blohm + Voss na Hamburg ya ƙera ya fara aiki a 1982, dangin da za ka nema su ne jirage huɗu na ajin Almirante Brown na Ajantina, dukkansu zanen MEKO 360. Jiki kusan ɗaya ne, amma Aradu makamai masu linzami na Otomat yake ɗauka, na Ajantina kuwa Exocet, injinansu ma ba iri ɗaya ba ne, don haka sai an bi hotuna a gyara. Obuma kuwa shi kaɗai aka ƙera, ba shi da ɗan'uwa, aikinsa sai a sassaƙa daga tushe ko a ba mai zanen 3D kwangila.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da zane da hotuna. Gidan tarihin teku na Greenwich yana riƙe da zanen jiragen sojan ruwan Ingila kuma yana sayar da kwafi. Ma'ajiyar tarihin sojan Faransa ta saki zanen jiragenta da yawa. Na Amurka ana samun littattafan zanensu a ma'ajiyar takardun ƙasar. Hotuna kuma akwai su a Imperial War Museums, da NavSource ga jiragen Amurka, da Wikimedia Commons. Ka buga zanen gefe da na sama daidai ma'aunin samfurinka, ka auna da rula ka tabbata tsawon ya yi daidai da lissafinka, sannan ka ɗora gangar jikin a kai. Nan take za ka ga inda bututu ya goce, inda bene ya yi tsawo, inda za a yanke. Idan hoto mai kwanan wata ya saɓa da zane, bi hoton, domin zane yana nuna abin da aka yi niyya ne, jirgi kuwa ana ta sauya shi a tashar gyara.

Mataki na bakwai: biya da dako

Ka duba ko shagon yana aikawa ƙasarku tun kafin ka cika kwando, ka kuma tabbata katinka yana biyan kuɗin waje. Kamfanonin dako girman kwali suke lissafawa ba nauyi kaɗai ba, shi ya sa babban jirgin 1/350 kuɗin aiko shi kan kusa kamo kuɗin sayensa, 1/700 da takarda kuwa suna tafiya a ƙaramin ƙunshi. Ka tara saye ka aiko a tashi ɗaya. HobbyLink Japan da dillalan gwanjo suna ajiye kaya na ɗan lokaci domin haka. Ka zaɓi aike mai lambar bin sawu ko da ya fi tsada, domin kwalin rezin da ya ɓata ba lallai a sake samun wani ba. Ka ware wani abu saboda kwastan. Fenti mai mai, da na feshi, da wasu nau'in gam, yawanci ba a ɗora su a jirgin sama, don haka kada ka haɗa su a oda ɗaya su riƙe maka sauran kaya. Fenti mai narkewa a ruwa ya fi sauƙin wucewa. Idan kana da ɗan'uwa mai dawowa daga waje, a aika gidansa, ka roƙe shi ya sa kwalin a jakar hannu.

Ranar da kaya ya iso, buɗe shi a kan faranti mai gefe, domin ƙananan sassa sukan ɓalle a hanya su zube a gindin leda. Ka ƙirga su da takardar umarni, ka ɗauki hoton duk abin da ya karye ko ya ɓace, ka aika wa mai sayarwa a makon. Ƙananan masu sana'ar rezin da yawa sukan aiko da madadi idan aka yi musu magana da wuri cikin ladabi. Ka ɗora gangar jikin a kan gilashi ka duba ko ta kwanta daidai. Idan ta lanƙwashe, tsoma ta a ruwan zafi wanda bai tafasa ba har ta yi laushi, ka danne ta a kan gilashin, ka zuba ruwan sanyi. Kwalin da ba yanzu za ka haɗa ba ka ajiye shi a kwance, a ɗaki mai sanyi, nesa da taga da rufin kwano, domin zafin bazara yana lanƙwasa rezin da siraran sassan roba tun suna cikin leda.